MAGANIN WANKIN HOTO: YADDA RUWA YA KOMA ƘWAYA

A yau yaro ma yakan ɗauki hoto da salula ya gani nan take. Amma hotunan da suka adana mana kamannin Damagaram ta da ba haka aka same su ba. Ranar 2 ga Nuwamba 1899 ayarin Faransawa na Foureau da Lamy ya iso Zinder bayan ya ƙetare hamada, kuma littafin da Foureau ya buga a 1902 cike yake da hotunan tafiyar. Kowane hoto na wancan zamani sai da ya shiga ɗaki mai duhu, aka tsoma shi cikin ruwan magani kafin ido ya gan shi. Shin mene ne cikin ruwan nan?

A fuskar fim akwai wani shafi na jelatin, wato danƙon da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Cikinsa an barbaɗa gishirin azurfa mai laushi ƙwarai. In haske ya taɓa gishirin yakan bar alama, amma ido ba ya ganinta. Aikin ruwan wanki shi ne ya bi wuraren da haske ya taɓa, ya mai da su baƙar azurfa, ya ƙyale sauran.

Abubuwa huɗu ke haɗuwa a ruwan. Na farko shi ne mai tono hoton. Majeman Zinder sun san danginsa: bagaruwar da suke jima da ita tana ɗauke da asid galik, kuma da asid galik Baturen Ingila Talbot ya tono hotunansa a 1840. Daga baya aka samo waɗanda suka fi shi, hidrokinon a 1880, metol a 1891. Na biyu shi ne mai zaburarwa, domin yawancin masu tono ba sa motsi sai cikin ruwa mai kanwa-kanwa. Ana amfani da karbonat na sodiyom, wanda shi ne ƙarfin kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga. Sai dai kanwar kasuwa gauraye take da ƙasa da gishiri, ba ta da ma'auni. Na uku silfit ne, mai tsare ruwan daga iska. Na huɗu bromir, linzami ke nan, don kada hoton ya yi hazo. Wani haɗi na kamfanin Kodak mai suna D-76, wanda ya fito a 1927, ga awonsa a lita guda: metol giram 2, hidrokinon giram 5, silfit giram 100, boraks giram 2. A nan boraks ne mai zaburarwa, kuma saboda sanyin hannunsa ba a bukatar bromir.

To, ina matsalar take? Marina sun san cewa iska ce ke fito da shuɗin baba bayan an tsamo zane daga karofi. Iskar da ke gyara wa marini aiki, ita ce ke ɓata na mai hoto. Da zarar an dama maganin, iska ta fara cin sa, ya yi ja kamar shayi, ƙarfinsa ya tafi. Zafi kuma ƙara mata sauri yake. An tsara aikin ne a kan digiri 20, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Zinder yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi jelatin ɗin kansa yakan yi laushi har ya saɓule daga fim. Balle matafiyi a kan raƙumi: kwalba tana fashewa, kuma ba a auna giram 2 cikin iskar hunturu.

Dabarar da ta rage wannan wahala daga wajen masu haɗa magungunan asibiti ta fito. Kamfanin Burroughs Wellcome na Landan, wanda ya yi rajistar sunan Tabloid a 1884 don ƙwayoyin maganinsa, shi ya bi da maganin hoto ta hanya guda. A busar da gari sarai, a auna, a matse shi da inji ya zama ƙwaya. Busasshen magani ba ya lalacewa da wuri, kuma ƙwaya dunƙulalliya ba ta ba iska fili kamar gari. Sai dai akwai sharuɗɗa. Ba a haɗa mai tono da mai zaburarwa a ƙwaya ɗaya, gama ɗan damshi kaɗan ya isa su fara cin juna. Shi ya sa maganin kamfanin mai suna Rytol ya riƙa zuwa bibbiyu, ƙwayar tono daban, ta zaburarwa daban. Abin da ke riƙe ƙwayar kuma dole ya narke tas, kada ya bar dattin da zai manne wa fim. Haɗi mai nauyi irin D-76 kuwa bai dace da ƙwaya ba, don silfit giram 100 ya fi ƙarfin ƴan ƙwayoyi. Da Rytol ne Herbert Ponting ya wanke hotunan tafiyar Kyaftin Scott zuwa ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya, wadda aka fara a 1910. Mai hoto ya dama daidai bukatarsa, ya yi aiki, ya zubar.

Gargaɗi biyu ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, wanda ya tsinci irin ƙwayoyin nan cikin kayan tsohon mai hoto ya sani ba na sha ba ne, guba ne; a nisanta su daga yara. Metol ma yakan sa ƙaiƙayi a hannu. Na biyu ya shafi tsofaffin fim da ke kwance cikin akwatunan gidaje da shagunan hoto. Bayan tono, akan tsoma fim cikin hiposilfit don ya kwashe sauran gishirin azurfa, sa'an nan a ɗauraye sosai. Inda ruwa ya yi ƙaranci aka gajarta ɗauraya, ragowar maganin yana nan yana cin hoton a hankali, zafi da damshin damina na taimaka masa. A sa kowane fim cikin ambulan na takarda, a ajiye a ɗaki mafi sanyi, kada a kama shi sai ta gefe. Hukumomin al'adu kuma su nemi masu su, a kwafe su cikin kwamfuta da yardarsu. Fim ɗin da ya goge, babu ƙwayar da za ta komo da fuskokin da ke cikinsa.