Targaɗen da ya ƙi warkewa: abin da ya kamata tsohon soja ya sani

Da wuya sojan ƙasa ya gama shekarun aikinsa bai taɓa gurɗe idon sawu ba. Ga fareti, ga gudu da kaya a baya, ga dirowa daga bayan mota, ga sintirin dare a kan duwatsun Gwoza. A fagen daga kuwa ba a ba targaɗe hutu: a naɗe da bandeji, a haɗiyi maganin kashe zafi, a zura takalmi a koma bakin aiki. Sai bayan ritaya ciwon yake dawowa ya zauna daram.

Targaɗe na yau da kullum yakan lafa cikin makonni. Idan an haura wata uku ƙafa tana kumbura, ko tana gocewa a kan ƙasa mai gargada, to akwai abin da ba a gano ba. A nan ne mutane da yawa suke makalewa. An ɗauki hoton ƙashi, likita ya duba ya ce babu karaya, aka rubuta ƙwayoyi, aka sallami mutum. Likitan bai yi ƙarya ba, amma hoton X-ray ƙashi yake nunawa. Jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar da guringuntsin da ke cikinta ba sa fitowa a ciki, kuma galibi can matsalar take.

Yawancin targaɗe yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya lanƙwashe ciki, jijiyoyin gefen waje suka miƙe ko suka yage. In suka warke a sake, gaɓar ba za ta ƙara riƙewa da kyau ba, sai ta riƙa gocewa, kowace gocewa kuma tana ƙara ɓarna. Wani lokaci guringuntsin da ke saman ƙashin tsakiyar gaɓar ne ya ɓantare. Mai wannan yakan ji ciwon can ciki, gaɓar ta riƙa ƙagewa. Akwai kuma yagewar jijiyoyin da ke bi ta bayan ƙullutun idon sawu na waje, da tsagewar ƙashi siririya da doguwar tafiya ke jawowa. Mafi yawan amosanin gaɓar idon sawu ma daga tsohon rauni yake tasowa, ba daga tsufa kawai ba.

Kowanne da gwajinsa. Likitan ƙashi zai fara da hannu, ya riƙe ƙwauri ya jawo diddige gaba ya ga ko gaɓar tana wasa, ya kwatanta da ɗaya ƙafar. Hoton X-ray ya fi amfani in an ɗauke shi mutum yana tsaye, nauyinsa a kan ƙafar. MRI ke nuna jijiya da guringuntsi, CT kuma ya fi fito da ƙananan tsagewar ƙashi. Duk wanda harsashi ko ɓarɓashin bam ya taɓa shiga jikinsa, lallai ya faɗa kafin a shigar da shi na'urar MRI, domin maganaɗisu ne mai ƙarfi da ke iya motsa ƙarfe a cikin jiki.

Rabin binciken a bakin majiyyaci yake, kuma a nan tarbiyyar soja take cutar da shi, don an koya masa cije haƙori. Gaban likita ba wurin jarumta ba ne. Ya faɗi shekarar da abin ya fara, yadda ƙafar ta lanƙwashe, sau nawa take gocewa, ya ɗora yatsa daidai inda ke ciwo. Ya ambaci ciwon suga in yana da shi, da zuwa wurin mai ɗori in ya je. Ya tafi da tsofaffin hotuna da takardun asibitin bariki, ya kuma nemi a rubuta masa sunan cutar a takarda.

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da Asibitin Sojoji na 44 a Kaduna suna da likitocin ƙashi, kuma neman a tura mutum wurin ƙwararre ba raini ba ne ga likitan farko. Ba kowa ke kaiwa ga tiyata ba. Da yawa atisayen ƙarfafa gaɓa a wurin likitan gashin ƙashi yana wadatar da su. Amma shan diclofenac shekara da shekaru ba tare da sanin cutar ba yana iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, ƙafar kuma tana nan yadda take.