Kalmar "Knotty" ta Ingilishi a Bakin Ɗalibin Koriya

Tun daga shekarar 1997 ake fara koyar da Ingilishi a aji uku na firamare a Koriya ta Kudu. Wannan maƙala za ta duba sifa guda, wato "knotty", domin nuna yadda fassarar ƙamus kan ɓatar da ɗalibi.

Asalin kalmar daga sunan nan "knot" ne, wato ƙulli, aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar "-y". Tana sifanta igiya mai ƙulle-ƙulle, ko katako mai ido, ko kuma matsala mai sarƙaƙiya.

Wahala ta farko ta furuci ce. Harshen Koriya ba ya jera baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, saboda haka ɗalibin da ya bi rubutu sai ya cusa wasali tsakanin "k" da "n". Alhali kuwa tun wajen ƙarni na 17 Turawan Ingila suka bar furta wannan "k". Haka kuma Amurkawa kan sassauta "t" ta tsakiya, har Bakoriye ya ji ta tamkar "r" ta harshensa.

Wahala ta biyu, wadda ta fi girma, ta ma'ana ce. Sau da yawa akan fassara kalmar da "bokjaphada", wadda aka gina a kan kalmar aro daga Sinanci. To amma "bokjaphada" ta fi faɗi, domin har titi mai cunkoso ana sifanta shi da ita. Ɗalibin da ya ɗauke su ɗaya zai kira titin Seoul "knotty", abin da Bature ba zai faɗa ba. Bugu da ƙari, ƙullin zare "maedeup" ne a Koriyanci, idon katako kuwa "ongi", ga shi Ingilishi ya haɗa su a kalma guda.

Mafita tana cikin harshen ɗalibin kansa. Aikatau ɗin "pulda" shi ake amfani da shi wajen kwance ƙulli, shi ne kuma na warware matsala, kamar dai yadda "warware" take a Hausa. Ashe ke nan hoton da ke bayan "knotty" ba baƙo ba ne gare shi. Idan malami ya fara da ƙulli, sannan ya gangaro kan matsala, ɗalibi zai gane cewa abin da ake kira "knotty" shi ne wanda ke bukatar a kwance shi sannu a hankali, zare bayan zare.