Ekinasiya a Tukunya: Furen Amurka da Zafin Gwadangaji

Masu tallar irin furanni a intanet suna da wani kirari da suke jan hankalin mutum da shi, wai wannan tsiro yana jure fari. Cikin waɗanda ake yi wa kirarin har da ekinasiya, wadda masana tsirrai ke rubutawa Echinacea. Fure ne mai ɗaukar ido. Ganyen furenta ruwan hoda ne mai sirkin shunayya, yana sunkuyawa ƙasa, tsakiyar kuma ta yi tozo mai tsini-tsini kamar bayan bushiya. Duk mai gida a Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi, da ya ji an ce ba ta tsoron fari zai ce to ai ta zo gida. Sai dai fari kala-kala ne, kuma wanda ta saba da shi ba irin namu ba ne.

Asalinta filayen ciyawa na tsakiya da gabashin Amurka ta Arewa. A can, idan sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe ƙasa, saman tsiron mutuwa yake yi, saiwar ta kwanta barci na watanni, ta farfaɗo idan gari ya yi ɗumi. Wannan hutun shi ke ba ta tsawon rai. A kwarin Rima babu shi. Abin da ke jiranta a nan shi ne bazarar Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Birnin Kebbi da Argungu ke haura digiri 40, sannan ruwan Agusta ya biyo baya.

Sunanta ya fi yaɗuwa ta hanyar magani. Ƙabilun asali na waɗancan filayen sun daɗe suna tauna saiwar nau'in angustifolia don ciwon haƙori da maƙogwaro. A ƙarni na 19 wani mai suna H.C.F. Meyer a jihar Nebraska ya riƙa sayar da ruwanta da sunan maganin wanke jini, a shekarun 1930 kuma wani mai suna Gerhard Madaus ya kai irinta Jamus, inda aka shiga nomanta gadan-gadan. Har yau ana sayar da ita a matsayin maganin mura, amma nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2014 bai sami gamsasshiyar hujjar cewa tana warkar da murar ba. A ganina, wanda zai shuka ta ya shuka don ado da ƙudan zuma, ya bar zancen magani.

Abu na farko shi ne zaɓen iri. Angustifolia tana da doguwar saiwa guda mai nutsewa ƙasa, ba ta son tukunya, ba ta son dashe. Purpurea ce mai saiwa bazu-bazu, ita ta dace da mu. Ko a cikinta a lura: tsohon iri yakan share shekarar farko yana ganye kawai, sai ta biyu ya yi fure, kuma a Kebbi babu tabbacin zai kai ta biyun. Gara a nemi waɗanda aka inganta don su yi fure a shekarar shuka, irin su PowWow Wild Berry da Cheyenne Spirit.

Tukunya ta fi fili a wajenmu, domin ana iya ɗaga ta a gudu da ita daga rana ko ruwa. Ta ƙasa ta fi bokitin roba, musamman baƙi, wanda ke dafa saiwa da tsakar rana. Tsohuwar randa ko tulun da ya tsage ya wadatar, muddin zurfinsa ya kai kamu ɗaya da rabi kuma an huda gindinsa. A ɗora shi kan bulo ko duwatsu, ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma ta rasa hanyar shiga.

Kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa yana wajen ƙasa. Mutumin da ya tashi yana ganin yadda shinkafa ke haɓaka a fadama zai ɗauka lakar fadama ta fi kowace ƙasa. Ga shinkafa haka ne. A tukunya kuwa riƙe ruwa take yi, ta daskare idan ta bushe, kuma jiƙa mai daɗewa shi ne abin da ya fi saurin ruɓar da saiwar ekinasiya. A haɗa ƙasar jigawa da yashi da ruɓaɓɓen takin tumaki ko na shanu wanda ya daɗe ya huce. Sannan ga wata ni'ima da Kebbi ke da ita a banza: ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge a bayan kowane injin casa. Idan aka babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, aka zuba kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ƙasar za ta yi sakwa-sakwa. Kada a cika taki. Yawansa ganye yake ƙarawa, kara ya yi laushi ya kwanta.

Lokacin shuka, a bi sawun masu lambu. Latas ɗan dangin ekinasiya ne, haka ma shuwaka, kuma kowa ya san latas da sanyi yake yin kyau. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake yafa iri, a rufe shi da ƙasa 'yar kaɗan, ya tsiro cikin kwana 10 zuwa 20. Wasu kan naɗe irin a danshin tsumma su ajiye a firiji na 'yan makonni kafin shuka, don ya ɗauka ya ga sanyi. Tsiro ɗaya a tukunya ɗaya. A fili kuwa a bar tazarar kamu biyu.

Akwai wata matsala da takardar iri ba ta faɗa. Ekinasiya tana auna tsawon yini kafin ta yi fure, kuma ta fi sakin jiki idan hasken ya kai awa 13 zuwa 15. A Birnin Kebbi yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba, da hunturu ma ƙasa da 12 yake. Don haka tana iya zama kore shar, ganye kwance a bakin tukunya, ta ƙi fitar da kara. Masu nomanta don kasuwa a ƙasashen sanyi fitila suke kunna mata. Ƙwan sola ɗaya a saman tukunya na awa biyu ko uku bayan magariba zai iya taimakawa.

Ban ruwa da sassafe, a gindi, kuma sai an tsoma yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Da hunturu a bar ta ta sha rana sosai. Da bazara ta kama, a matsar da ita inda za ta samu hantsi kawai, inuwar dogon yaro ko ta katanga ta kare ta daga azahar zuwa la'asar, a shimfiɗa ɓuntu a saman ƙasar. Da damina a shigar da ita ƙarƙashin rumfa. Furen da ya yi yaushi a yanke shi don wani ya fito, a bar biyu ko uku su bushe a kan kara saboda iri. Idan fure ya fito kore a murɗe, wata cuta ce da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, ba ta da magani, sai a tuge a ƙone. Awaki kuwa, kowa ya san halinsu.

Wanda ya ga wahalar ta yi yawa, akwai 'yan uwanta daga Meziko, ziniya da marigol, waɗanda zafi da gajeren yini ba sa hana su fure. Ziniya takan buɗe cikin wata biyu da 'yan kwanaki, kuma irin da aka tara bana shi za a yafa baɗi.