Taƙaddamar Mace-macen Ƙiba a Amurka da Aikin Malaman Jinya

A watan Maris na 2004, masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ƙarƙashin jagorancin Ali Mokdad, suka bayyana cewa mummunar cima da rashin motsa jiki sun halaka kimanin mutum 400,000 a shekarar 2000, adadin da ya kusa kamo 435,000 na taba sigari, kafin a gano kuskure a lissafin a mayar da shi 365,000. A watan Afrilu na 2005 kuma Katherine Flegal, ita ma ma'aikaciyar hukumar, ta ɗora wa ƙiba alhakin mutuwar kimanin mutum 112,000, ta ƙara da cewa mace-mace sun ɗan yi ƙasa a tsakanin waɗanda nauyinsu ya wuce ƙima amma bai kai ƙiba ba.

Ma'aunin da ake jayayya a kansa shi ne BMI, wanda ake samu idan aka raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita, aka sake raba sakamakon da tsayin. Daga 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuwa ƙiba ta tabbata. Da wuya likita ya rubuta ƙiba a takardar shaidar mutuwa, ciwon zuciya ko na suga yake rubutawa, don haka duk waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne. Walter Willett na Jami'ar Harvard ya soki Flegal da cewa mashaya taba da waɗanda cuta ta ramar sun shiga rukunin marasa ƙiba, sun sa rukunin ya yi kama da mai yawan mutuwa. Hujjarsa tana da ƙarfi, sai dai bayanan Flegal sun fito ne daga mutanen da aka auna da sikeli, ba waɗanda suka faɗi nauyinsu da baki ba.

Wanda ya ɗauki wannan saɓani a matsayin wanke ƙiba ya yaudari kansa, domin ɓangarorin biyu ba su musanta alaƙarta da ciwon suga da hawan jini ba. A fagen yaƙi da waɗannan cututtuka, malaman jinya na lafiyar al'umma, aikin da Lillian Wald ta raɗa wa suna bayan ta fara jinyar talakawan birnin New York a gidajensu a 1893, su ne ke shiga makarantu da unguwanni suna gwada jini da suga, suna bibiyar shan magani, suna kuma duba abin da iyali ke iya saya kafin su ba da shawara kan cima.