Allon Abinci A Gallabat: Me Za A Rubuta, Kuma Don Wa?

Gallabat gari ne na bakin iyaka. Wata 'yar gada ce kawai a kan rafi ta raba shi da Matama ta ƙasar Habasha, daga nan zuwa Gadarif kuwa kimanin kilomita 150 ne. Mutanenmu ba baƙi ba ne a nan, domin Takarir, wato alhazan Afirka ta Yamma da suka yada zango a hanyar Makka, su suka raya garin tun a ƙarni na 18. Yau ma a cikin masu gashi da masu tukunya a bakin tasha ba ka rasa Bahaushe. Sai dai da yawansu sun iya girki, allon da ke bakin ƙofa ne ke korar musu ciniki.

Dubi wanda ke wucewa ta gaban rumfarka. Akwai direban babbar mota da ya ɗauko riɗi ko dawa, akwai leburan Habasha masu ƙetarowa aikin gona lokacin yankan riɗi, ga kuma iyalai da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya taso, suna jiran takarda su ƙetara. Duk cikinsu babu mai son ya tsaya tambayar farashi a gaban jama'a. In bai gani a rubuce ba, sai ya yi gaba, ba ka ma san ka yi asara ba.

Saboda haka a rubuta da Larabci, a sa Amharanci a gefensa. Ba sai ka iya ba, yaron makaranta daga Matama zai rubuta maka a kan kuɗin shayi. Amma a kula da lambobi, nan rigima take. Biyar ta Larabci da'ira ce, Bahabashe sifiri zai gani, shidar Larabci kuma bakwai zai karanta. Ka sa lambobin boko, kowa ya huta. Sunan abinci a yi shi da fenti, farashi da alli, tunda fam ɗin Sudan ba ya kwana inda ya wuni. Wanda ya buga farashi a takarda mai leda, kafin wata biyu ya koma manna mata ƙyalle. In kana karɓar bir ko Bankak, faɗa a ƙasan allon.

Sai maganar suna, wadda ni a ganina ta fi komai. Tsirenmu a duk faɗin Sudan agashe ake ce masa, kalmar kuwa tamu ce. To me zai sa ka rubuta tsire, ka ɓoye sunan da ya riga ya yi maka talla daga Khartum har Port Sudan? Agashe ya hau layin farko, da manyan baƙaƙe. Amma kada kamannin suna ya ruɗe ka. Dakwa a bakin mutumin Sudan niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da ake kwaɓa salak da ita, ba dakuwar da muke ci ba. Gurasarsu ma ba ta Jakara ba ce, wata faffaɗar waina ce ta alkama mai taushi da ake zuba wa miya. Zoɓo kuwa karkade ne, tsamiya aradeb. In ka dafa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, rubuta asida da mulah weka, ka sa Hausar a ƙasa don ɗan gida ya ji daɗi. Abu ɗaya ne a tukunya, sai dai mai saye ya san abin da zai zo masa a kwano.

Akwai kuma wata kasuwa da yawancinmu muke bari tana wucewa. Kiristocin Habasha 'yan Orthodox ba sa cin nama, ƙwai, madara ko man shanu ranar Laraba da Juma'a, haka ma a babban azuminsu na kwana 55 kafin Ista. Abincin ranakun suna kiransa yetsom. Ful da adas da ta'amiya da man riɗi, ai duk kana da su a kicin! Ka ware musu kusurwa guda a allon, ka rubuta wannan kalma a kai, ka tabbata cuku da ƙwai ba su shiga kwanon ba.

Kada a cika allo. Abinci shida ko bakwai da kullum ake samu sun fi ashirin da rabinsu "ya ƙare". Hotunan da ake cirowa daga intanet, na kaza da dankalin Turawa da ba a taɓa soyawa a rumfar ba, a bar su. In za a sa hoto, a ɗauki kwanon gidan da waya.

A tuna kuma fatur, karin kumallon Sudan, sai hantsi ake cinsa, wajen ƙarfe 10. Bahabashe kuwa daga fitowar rana yake fara ƙirga awa, ƙarfe 10 ɗinka ƙarfe 5 ne a wurinsa. In za ka rubuta lokacin da ful ke sauka, rubuta duka biyun.