Amsoshin Wasiƙunku: Asalin Sunan Shagari

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Boɗinga. Ya ce zai sa ɗansa makaranta, an nemi ya rubuta sunan iyali, shi ne yake tambaya: shin Shagari sunan zuriya ne ko na gari? Shi ma zai iya rubuta wa yaron Boɗinga?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Shagari dai sunan gari ne, ga shi nan gaba da ku a kan hanyar Tambuwal. Marigayi Shugaba Shehu Shagari, wanda ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, a can aka haife shi a 1925. Sunan mahaifinsa Aliyu, Magajin Shagari, shi ya sa cikakken sunansa yake Shehu Usman Aliyu Shagari. Ka ga ke nan garin ne ya ba shi suna.

Da can Bahaushe ba ya da sunan iyali irin na Turawa. Da sunan uba ake sanin mutum, ko sana'a, ko laƙabi, kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wato ɗan malami da Fulatanci. Da makarantun boko suka zo, sai aka tara yara daga garuruwa dabam-dabam a aji guda, ga Muhammadu biyar, ga Abubakar huɗu. Don a bambanta su sai malamai suka riƙa haɗa sunan yaro da na garinsu a rajista. Yaran ma sun fi son haka, don kunya ba ta barin yaro ya ji ana kiran sunan ubansa gatsau. Sardauna kansa Ahmadu Raba ake ce masa a makaranta. Haka aka sami Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ko gwamnonin Sakkwato da aka yi daga 1999 zuwa 2023, Bafarawa da Wamakko da Tambuwal, ai duk sunayen garuruwa ne. Malamai kuma za su tuna maka cewa Imamu Buhari sunan birnin Buhara yake amsawa.

A wasu ƙasashe kuwa kaka ake bi. Mutanen Ailan, maƙwabtan Ingila, suna sa Mac a gaban suna, ma'ana ɗan wane, ko O, ma'ana jikan wane. Sunan O'Brien daga Sarki Brian Boru ya samo asali, wanda aka kashe a yaƙi a 1014, kuma har yau ana gadonsa. Mu nan sunan gari ba ya nuna jini. Mutum biyu za su amsa Shagari alhali ba abin da ya haɗa su sai maƙwabtaka.

Saboda haka kana iya rubuta Boɗinga, ba wanda zai hana ka. Shawararmu ita ce ka sa sunan yaro, sannan naka, sannan na gari, don kada nasaba ta ɓace. Abin da ka rubuta ranar farko kuwa, shi za ka riƙe a takardar haihuwa da ta jarrabawa da katin ɗan ƙasa. Yara da yawa sun sha wahalar shiga jami'a saboda sunan da ke wannan takarda ya saɓa da na waccan.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gai da mutanen Boɗinga da Sifawa.