Kafin Mai Hoto Ya Zuba Kuɗinsa a Gilashin Kyamara

A Zoza da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye, ɗaurin aure, suna, saukar karatu da hawan Sallah duk ba sa tashi sai an nemi mai hoto. To amma wayar hannu ta shigo gonar masu wannan sana'a, don haka wanda zai karɓi kuɗin mutane dole ya kawo hoton da waya ba ta iyawa. Wannan ke kai su Kano neman gilashi mai zum, wanda ake murzawa ya janyo nesa kusa, kuma a nan ake yawan tafka asara, domin ido kan tafi kan tsawon gilashin, a manta da hasken da yake sha.

Kowane gilashi yana ɗauke da lambobi iri biyu. Na farko su ne na milimita, kamar 18-55mm ko 70-200mm: ƙaramar lamba tana kwaso fili da faɗi, babba tana janyo abin da ke nesa. Na biyu su ne masu harafin f, waɗanda ke nuna girman ƙofar da haske ke shiga. A nan lissafin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashi a f/2.8 yana shan haske ninki huɗu na wanda ke f/5.6.

Gilashin 18-55mm da ke zuwa tare da ƙananan kyamarori yana farawa daga f/3.5, amma da an janyo shi ƙarshe sai ya koma f/5.6. Shi ya sa hoton ɗakin amarya, ko na bayan Magariba a hasken ƙwan janareta, ke fitowa da duhu ko dishi-dishi. Na ƙwararru kuwa yana nan a f/2.8 komai aka murza shi, kuma wannan na cikin dalilan tsadarsa.

Biyu ne suka fi suna a hannun ƙwararru. 24-70mm f/2.8 shi ne na zaure, da rumfar biki, da hoton dangi a jere. 70-200mm f/2.8 kuwa na fili ne: da shi mai hoto zai ɗauko fuskar mahayi a hawan Sallah bai shiga gaban dawakai ba, ko masunci a cikin kwalekwale daga bakin madatsar ruwa ta Challawa. Sai dai na kyamarorin da aka saba da su ya kai kusan kilo 1.5. Ɗan'uwansa mai f/4 kusan rabin wannan nauyi ne, ya fi araha, kuma ya wadatar ga aikin rana. Kamfanonin Sigma da Tamron suna ƙera irinsu a farashi mai sauƙi.

Akwai tarkon da ba kowa ke lura da shi ba. Kyamarori irin su Canon 600D da Nikon D3200 suna rage faɗin hoto, ta yadda 24mm kan zama kamar 38mm a Canon, 36mm a Nikon. A ƙaramin ɗaki, rabin ƙawayen amarya ba za su shiga ba. Mai irin wannan kyamara, 17-50mm f/2.8 ya fi masa amfani.

Sai batun baki, wato wurin da gilashi ke haɗuwa da kyamara. Bakin F na Nikon ya fito a 1959, na EF na Canon a 1987, sannan a 2018 kamfanonin biyu suka kawo sababbi, Z da RF. Tsohon gilashi yana hawa sabuwar kyamara da zoben haɗi, amma sabo ba ya hawa tsohuwa. A kuma yi hattara da dogayen nan masu araha da ake talla a intanet da lambar 650-1300mm: hasken da suke sha kaɗan ne, saitinsu da hannu ake yi, kuma sai an ɗora su a kan ƙafa uku.

Mai sayen na hannu ya je da kyamararsa. Ya haska tocila ta cikin gilashin. Idan ya ga zane kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce ta kama shi, kuma tana cin fuskar gilashi. Ya murza zoben zum ya ji ko yana cijewa, ya ɗauki hoto a farkonsa da ƙarshensa, ya buɗe a babban allo ya duba gefe-gefe. Ya karɓi rasit mai lambar gilashin da kwanakin da aka yarda ya dawo da shi.

Bayan an saya, ƙurar hunturu da danshin damina su ne abin tsoro. Kada a canza gilashi a tsakiyar iska, kada a goge shi da gefen riga, domin ƙwayar yashi tana karce shi. Da damina a ajiye shi cikin mazubi mai rufi sosai, tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su idan sun jiƙa.